Motar Ciyaman da Akuyar Jaɓɓi

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma har gobe ban manta da ranar da muka yanka salansar Alhaji Modi a garejinmu na bakin tashar Wurno ba. Shekara tara ke nan, da kaka, bayan ruwa ya ɗauke. Shugabannin ƙungiyarmu ta masu gyaran mota sun ce kowane dattijo ya rubuta wani abu daga aikinsa don na baya su karanta. Na zaɓi wannan saboda Arzika mai walda yana cikinsa, shi kuwa Allah Ya yi masa rasuwa wata biyu da suka wuce. Allah Ya jiƙansa. Da yana nan da shi zai ba da labarin, kuma da ya fi ni iyawa, sai dai da gishirin ya yi yawa.

Sunana Haliru, ni bakanike ne, injin nake gyarawa. Ga wanda bai san gareji ba, kowa da ɓangarensa a jikin mota. Akwai mai waya, akwai mai faci, akwai mai fenti. Ni nawa shi ne abin da ke ƙarƙashin bonet. Na Arzika shi ne duk ƙarfen da ya karye ko ya huje, har da salansa, wato bututu da tukunyar da hayaƙin injin ke bi ya fita ta baya, wadda kuma ke rage ƙara. Ni da shi inuwar itacen dogon yaro ɗaya muka raba shekara ashirin da shida. Ya girme ni da shekara uku.

Ita kuma tasha tana da nata tsari. Akwai ciyaman na direbobi, akwai sakatare, akwai 'yan kamasho masu kiran fasinja. Inda ciyaman ya kai motarsa gyara, nan sauran direbobi ke kai nasu. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, amma ya fi abin da aka rubuta ƙarfi. A lokacin Alhaji Modi, mutumin Lahodu, shi ne ciyaman, kuma wurina yake kawo mota. Saboda haka motocin tasha su ne tuwon gidana.

Dole in faɗi laifina kafin in faɗi na wani. Wata huɗu kafin wannan rana, muna zaune wurin mai shayi da direbobi, aka shiga gardamar wane ne ya fi wahala a gareji. Bakina ya zarce. Na ce walda ba gyaran mota ba ce, ɗinki ce, Arzika tela ne, sai dai zarensa na wuta. Mutane suka yi dariya. Arzika bai yi ba. Washegari da na zo, na tarar ya ɗauko wani dogon bututun salansa da ya ajiye, ya shimfiɗa shi a ƙasa daga gindin itacen zuwa bakin hanya, ya raba inuwar biyu. Kwanon furar da muke sha tare ma ya zama kwano biyu.

Arzika mutum ne mai kiyaye addini, ya san ba a ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku. Don haka kullum da safe sai ya yi mini sallama cikakkiya, in amsa. Daga nan kuma shi ke nan. Duk wata magana da ta rage, itacen yake gaya wa. Sai ka ji ya ɗaga kai ya ce, "Dogon yaro, ka gaya ma maƙwabcina baƙin mainai ya ƙetaro iyaka." Ni ma da na ga haka sai na bi sahu. Wata huɗu muna aika itace.

Ana cikin wannan hali Alhaji Modi ya kawo tsohuwar a-kori-kurarsa. Motar ba ta aiki da damina saboda hanyoyin ƙauye, yakan jingine ta a gida Lahodu har ruwa ya ɗauke, sannan ta fito jigilar albasar da manoma suka adana. Duk wanda ya kusance ta ya san sana'arta, don warin albasa ya kama har kujerunta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mi ad damuwarta?"

Ya ce, "Haliru, tana tashi lahiya lau. Tana tsaye kamar amarya. Amma in na taka totur, sai ta yi shiru ta yi shawara da danginta kahin ta tahi. Jiya ga hawan nan na hanyar Goronyo jaki ya wuce ni, mai jakin har yana yi man sannu."

Ya ce saura kwana huɗu kasuwar Gandi, kuma ya riga ya yi wa mutane alkawarin kai musu albasa. Na ce ya kwantar da hankalinsa, aikin yini ɗaya ne.

Yadda aka koya mini, kuma yadda na koyar, injin fetur abu uku yake so: mai, iska da wuta. In mota tana jinkiri idan an taka totur, cikin ukun nan ɗaya ya gaza. Ranar farko na fara da kafireta, inda mai da iska ke haɗuwa. Na kwance ta, na wanke, na hura kowace ƙaramar kafa. Alhaji yana zaune kan benci yana ta mita a kan maƙwabcinsa Jaɓɓi, wai akuyarsa ta hana motar sakat duk damina, har sai da ya kai ƙara wurin mai unguwa aka sa Jaɓɓi ya ɗaure ta. Ina ta cewa "Allah Ya kyauta," hankalina yana kan kafireta. Ban tambaye shi me akuya za ta yi wa mota ba. Ku riƙe wannan wurin.

Na ɗaura, na tayar. Tana tsaye injin yana kaɗawa sumul. Na taka totur, sai ta shaƙe kamar an riƙe mata wuya, ta yi tari, sannan ta ɗauka da ƙyar. Daga can ƙetaren bututu na ji Arzika ya ja hanci ya ce, "Dogon yaro, wa ka suyar albasa garejin ga? A sammana miya."

Na ɗauka ba'a yake yi wa motar albasa, da mai gyaranta. Na ce, "Dogon yaro, ce ma tela shi ji da ɗinkinai."

Rana ta biyu na koma kan wuta. Na sake fulogi huɗu, na sake kwantak, na daidaita taimin, wato lokacin da wuta ke kama mai, har sau biyu. Na hau da ita hanyar Goronyo. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya tana lallaɓawa, da muka iso hawa sai ta tuna da danginta. Da na dawo Arzika ya ce wa itacen, "Yau kam miyar ta kusa ƙonewa."

Rana ta uku na sauke tankin mai gaba ɗaya na wanke, na sake famfon mai da matatarsa, na ƙara buɗe wa kafireta mai. Abin da na samu shi ne ta ƙara shan fetur, ciwon yana nan. Bayan la'asar Alhaji ya zo da direbobi biyar ko shida. Ya tsaya ya dubi kayan da na cire na zube a kan buhu.

Ya ce, "Injiniya, aikin yini ɗaya ya kwana uku. Mi ar rage ba ka canza ba? Ni ɗai nir rage."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara man haƙuri."

Ya ce, "Haƙuri ba ya kai albasa Gandi. Gobe in an kira azahar motag ga ba ta warke ba, ja ta za ni sa a yi zuwa Sakkwato, wurin masu duba mota da kwamfuta. In can ta warke, to, kowa ya ga inda za shi kai tashi."

Wani direba ya ce ita kanta kwamfutar in ta ga wannan mota suma za ta yi. Aka yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Amma na fahimci maganar sarai. In motar ta bar garejin a kan igiya, motocin tasha sun bi ta ke nan.

Rana ta huɗu da hantsi ina zaune gaban motar, bonet a buɗe, babu abin da ya rage in kwance. Arzika yana goge wani ƙarfe. Can sai ya ajiye, ya ɗaga kai.

"Dogon yaro, kai ka daɗe tsaye, ka ga duniya. Ka taɓa ganin mutum shina ci shina sha kullum, ba ya zagayawa bayan gida, kuma shi yi gudu?"

Na tashi na tayar da motar, na tokare totur da guntun katako, na zagaya baya na tara tafin hannuna a bakin salansa. Lafiyayyar mota in an taka ta, hayaƙinta ture hannu yake yi. Wannan kuwa abin da ke fita bai fi numfashin majinyaci ba. Na sunkuya na shinshina. Warin da ke bayan motar na ɗanyar albasa ne. Wanda ke fita daga bututun na soyayyiya ne. Kwana uku mutumin nan yana gaya mini.

Salansa kuwa ba ɓangarena ba ce. Ƙusoshinta sun yi tsatsa sun zama ɗaya da bututun, sai wuta. Wuta kuma tana ƙetaren iyaka.

Na gyara murya na ce, "Dogon yaro, ka ce ma maƙwabcina ina son shi duba man salansag ga."

Arzika bai ko dube ni ba. "Dogon yaro, ce mishi tela ba ya duba mota. In rigatai ta yage shi kawo."

Na ɗaga ƙafa na ƙetare bututun, karo na farko cikin wata huɗu. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Malam Arzika, na yi kuskure. Ka yahe man."

Ya juyo ya dube ni, ni kaina, ba itace ba. Ya ce, "Haliru, na yahe tun ran nan. Amma gaban mutane kac ce ni tela ne. Gaban icce kaka son ka janye?"

Haka muka zauna muna jiran mutane. Rana tana hawa, ni ina duban inuwa, shi yana shan furarsa a hankali. Ban taɓa ganin mutum ya daɗe a kan ludayi ɗaya kamar ran nan ba. Saura kamar awa ɗaya da rabi azahar Alhaji ya iso, da direbobinsa, da motar da za ta ja, har da igiya a hannun wani. Na miƙe na ce ina da magana. Na ce abin da na faɗa wurin mai shayi ƙarya ne, walda gyaran mota ce, kuma yau ni bakanike na gaza, sai mai walda.

Arzika ya ce, "Na bayan can ba su ji ba."

Na maimaita da ƙarfi. Mai shayi ma daga rumfarsa ya ce ya ji.

Sai Arzika ya tashi ya sa baƙin tabaransa. Ga yadda ya yi, don masu koyo. Bai fara da yanka ba. Ya shiga ƙarƙashi ya gasa ƙusoshin mahaɗar da ke gaban tukunyar salansa har suka saki, ya raba bututun, yadda hayaƙi zai fita tun bai kai tukunyar ba. Ya ce in tayar in taka. Na taka. Motar ta yi wata irin kururuwa da ta kori kajin tasha, injin ya ɗauka nan take, babu shawara, babu tari. Wannan gwajin bai ci minti goma ba. Ni na ci kwana uku.

Ya sauke tukunyar, ya jijjiga ta kusa da kunnensa, ya aza ta kan ƙasa ya tsaga ta a tsaye da wuta. Da ya buɗe, ƙamshi ya tashi kamar gidan biki. Bututun da ya ratsa cikinta a cushe yake da wasu baƙaƙen ƙwallaye, sun haɗu da baƙin hayaƙi sun daskare, sai wata 'yar kafa da ba ta fi ta shigar tsinke ba. Arzika ya riƙa zaƙulo su da waya yana jerawa a kan benci. Ya fasa ɗaya da babban yatsa, sai ga zobe cikin zobe. Albasa. Goma sha huɗu ya jera.

Wani ya fara cewa wannan aikin maƙiya ne, a nemo malam. Na dubi Alhaji, na ga ya cire hula yana share gumi. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Ashe ba akuyar Jaɓɓi ba ce."

Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, mi akuya ta yi?"

Da ƙyar Alhaji ya fito da maganar. A shekarar da ta gabata zanzaro ya yi masa gini a bakin salansa lokacin da motar ke jingine. Don haka bana da ya ajiye ta, ya zaɓi 'yar ƙaramar albasa ya toshe bakin. Bayan mako ya leƙa, babu albasa. Ga akuyar Jaɓɓi tana kwance a inuwar motar tana tuƙa. Ya sa wata, wannan karon ya tura ta ciki da sanda yadda bakin akuya ba zai kai ba. Bayan mako ya leƙa, bai ga komai ba. Haka ya yi ta yi duk damina, kowane mako albasa ɗaya, kowane mako sandar tana ƙara shiga, shi kuma yana ƙara mamakin tsawon harshen akuyar. Har gaban mai unguwa ya rantse a kan haka. Abin da ke faruwa shi ne albasar in ta kwana biyu sai ta yanƙwane ta gangara ciki, don motar hancinta na kallon gangare, ta bayanta kuma ta zo ta ƙara tura ta. Da aka tayar da mota, zafi ya dafa su wuri ɗaya.

Direbobi ba sa yi wa ciyaman dariya a gabansa. Ran nan wasu suka ce za su je alwala, tun ba a kira salla ba. Muna jin su daga bayan rumfar mai shayi.

Alhaji ya ce a mayar da tukunyar a ɗinke. Arzika ya ƙwanƙwasa ta da guduma, tsatsa ta zubo. Ya ce, "Ko tela ya san rigar da ba ta ɗinkuwa." Ya ɗauko wata ta hannu mai kyau da yake da ita, ya gwada, sai bututunta ya gaza da kamar kamu biyu. Ya duba nan, ya duba can. Sai ya sunkuya ya ɗauki bututun nan da ya raba inuwarmu, ya auna, ya yanka, ya haɗa. Ragowar ya jefa cikin tarin ƙarafa.

Ya rataye ta da sababbin robobi don kada ta riƙa bugun ƙasan mota. Da ya gama walda ya sa na tayar, ya toshe bakin da tsumma na ɗan lokaci yana bin mahaɗa da kunne, ko akwai inda ke huci. Babu. Ni kuma na koma na rage man da na buɗe wa kafireta, na mayar da taimin inda na same shi, wato na gyara gyarana. Ana kiran azahar muna kan hawan hanyar Goronyo, Alhaji yana tuƙi, ni da Arzika a gefensa. Motar ta haye a giya ta uku. Alhaji yana ta waige ko zai ga mai jakin nan.

Da muka dawo, Arzika ya yanka gwangwanin tumatir ya yi wa bakin salansar marfi mai 'yar waya, ya ce in damina ta zo wannan za a sa, akuya ba ta ci, ba ya kuma yanƙwanewa. Alhaji ya jawo mu gefe ya ce don Allah maganar ta tsaya nan. Arzika ya ce, "Ni ba ni gaya ma kowa, ranka ya daɗe. Sai dai dogon yaro." Albasa ta isa Gandi, motocin tasha suka zauna wurina. Alhaji kuma, don a faɗi gaskiya, ya je har gida ya ba Jaɓɓi haƙuri, ya kai wa akuyar buhun dusa. Yanzu da ya bar ciyaman shi da kansa ke ba da labarin, shi ya sa na rubuta.

Abin da na koya ba shi da yawa. Injin ba abu uku yake so ba, huɗu ne: mai, iska, wuta, da hanyar fita. Kafin ku kwance kafireta, ku zagaya baya ku tara hannu. In mai mota yana surutu, ku saurara, ko da zancen akuya yake yi, don sau da yawa ciwon motar yana cikin zancen. Kuma babu ƙaramin ɓangare a gareji. Wanda ka raina sana'arsa, wata rana wutarsa za ka jira, kana duban inuwa.

Bayan ran nan mun ƙara shekara tara muna shan fura kwano ɗaya. Bai daina aika itacen ba, amma sai in zai tsokane ni. Makon jiya wata mota ta zo daga Rabah da irin wannan ciwo. Na zagaya na tara hannu, na ji hayaƙin ba ya turawa. Na juya ɓangarensa bakina a buɗe, sannan na tuna. Mai motar yana tsaye yana jira, don haka na ɗaga kai na ce, "Dogon yaro, ka gaya ma maƙwabcina wannan karon ban kwana uku ba."

Itacen bai amsa ba. Dama can ba shi ke amsawa ba.